Kututturen Tsamiya a Banifandu

Yayata ta zo Yamai a shekarar da na ajiye aiki. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Duk rayuwarta a ƙauyenmu ta yi ta, kudu da Maraɗi, a bakin daji. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ya tafi arewa neman aiki ba a sake jin ɗuriyarsa ba, daga baya kuma idanunta suka fara rufewa. Da labari ya iso mini cewa ta faɗa kan murhu tana dama kunu har ta ƙone a hannu, sai na je na ɗauko ta. Likitan ido ya duba ta ya ce mun makara. Na gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa a gidanmu na Banifandu.

Mu huɗu ta tarar a gidan: ni, da maiɗakina, da jikokinmu biyu, mace da namiji, ƴaƴan babbar ɗiyata da ke aiki a Agadas. Macen ce babba. Yaya ta shiga wasan kaka da jika da su tun ranar farko: yarinyar ta zama ƙawarta, yaron kuwa maigidanta.

Ni aikina na tsawon rayuwa shi ne kula da ɗalibai a lakol, wato makarantar boko, surbeyan kamar yadda ake ce mana. Na saba da jera yara a layi da busa usur, kuma haka nake tafiyar da gidana. Na tsara wa Yaya komai: lokacin magani, lokacin abinci, inda butarta za ta zauna kullum don kada ta yi lalube. Ta karɓa ba musu. A ganina na gama abin da ya wajaba a kaina.

A ƙauyenmu an san Yaya da tatsuniya. Yara daga unguwanni suke zuwa ƙofarta bayan magariba. Kuma duk tatsuniyarta, ko daga fada ta fara ko daga bakin rijiya, daji take nufa. Dajin nata yana da tsari, shi ya sa tun ina yaro nake son sa. Da farko akwai bakin daji, inda sabara da geza suke, inda mata ke neman itace. Nan babu abin tsoro, amma nan ake gwada mutum: wata tsohuwa za ta roƙe ka ruwa, ko tsuntsu ya kira ka da sunanka. In ka wuce sai kurmi, inda rana ba ta kai ƙasa, dabbobi suna magana, hanya kuma tana sauya wuri da zarar ka juya mata baya. Can ciki sai tsamiya guda ɗaya, gidan masu dajin. Yaya ba ta taɓa ce musu aljanu ba, masu wuri take cewa. A gindin tsamiyar nan ake yanke hukunci. Marainiya ta shiga da tsumma ta fito da garken shanu, marowaci ya shiga da ƙafa biyu ya fito da huɗu. A cikin gari mai ƙarfi yana iya zalunci ya kwana lafiya, amma a dajin Yaya kowa halinsa yake tararwa.

Ba ta daɗe da zuwa ba, wata rana bayan magariba, ta kira yaran kan tabarmarta. Ina zaune gefe ina jan carbi. Ta fara labarin wata yarinya da aka aika ɗebo ruwa ta ɓace hanya. Tana kaiwa inda yarinyar ta shiga kurmi, sai yaron ya katse ta.

"Kaka, itatuwan suna haske?"

"Haske kamar ƙaƙa, maigida? Icce ne ko fitila?"

"A tele suna haske. Kuma akwai wani tsoho mai sanda, in ya nuna ka da ita sai ka ƙame wuri ɗaya."

"Wannan ai kakanka ne yana surbeyan," in ji Yaya.

Suka yi dariya, ita ma ta yi. Ta ci gaba, ta rage murya, ta ce daji ya yi tsit, ko ƙwaro ba ya motsi. Da mu ne a ƙauye, a nan muke matsowa jikinta. Sai jikata macen ta ce, "Kaka, dajin naki irin wanda ke bayan unguwarmu ne, inda ake zubar da shara?" Yaron kuma ya tambaya me ya hana yarinyar da ta ɓata ta kira gida da waya. Na tsawata musu, suka yi shiru, amma shirun tsorona ne ba na tsoron daji ba. Yaya ta gane bambancin.

Ta sake gwadawa wasu ranaku. Sukan zauna don ladabi, kunnuwansu na ɗaki inda tele ke magana. Rannan na ce zan hana kunna telen gaba ɗaya, ta ce, "Ƙyale su, Auta. Ba laifinsu ba ne. Ba su taɓa tsayawa inda babu mutum ko ɗaya ba. Da me zan tsorata su?"

Daga nan ta daina. Bayan tatsuniya sai hira ta ragu, bayan hira sai abinci. Maiɗakina kan kai mata kwano ta dawo da shi kusan yadda ta kai. Zanenta ya fara yi mata yawa. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce in zauna.

"In an yi Layya ka mai da ni gida."

"Wa zai duba ki a can?"

"Allah."

"Allah ya ba ki ƙane, Yaya."

"Na gode wa Allah. Amma a nan ba ni da amfani ga kowa, ci da kwanciya kawai nake yi. A can ko ba na gani na san inda kowane icce yake tsaye."

Na san abin da ke jiran ta a can: ɗaki ba kowa, da murhun da ya riga ya ƙone ta sau ɗaya. Amma a gidanmu ba a yi wa babba gardama sau biyu a kan magana ɗaya. Na ce to. Da yake mota kan cika a lokacin Salla, na je tasha na yanki tikiti tun da wuri, na kwanaki kaɗan bayan Layya. Sannan na zauna ina tunanin yadda zan sa tikitin nan ya zama banza.

Na bi abin daki-daki. Yaya kewar daji take yi. Daji itatuwa ne. Itatuwa kuwa muna da su, don bayan unguwarmu akwai dajin bedin nan, wato dogon yaro, da aka shuka tun da daɗewa ya kewaye gefen gari. Ni ina son wurin. Duk inda ka tsaya ka duba, layi ne miƙaƙƙe har iyakar ganinka. Na yanke shawara in kai ta, in nemi gefen da shara ba ta yi yawa ba.

Da la'asar muka shiga taksi. Da muka sauka na ce mata ga daji a gabanta. Sai na ga ta gyara lulluɓi, ta tsaya, ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Salamu alaikum, masu wuri. Baƙi ne, wucewa za mu yi." Ta shiga da ƙafar dama. Rabon da in ga fuskarta haka tun a ƙauye.

Na kai hannunta kan itace na farko. Ta shafa, ta shinshina. "Bedi." Muka matsa na gaba. "Bedi." Muka ƙara gaba. Ta tsaya.

"Auta, duk tazararsu ɗaya."

"Da igiya aka auna kafin a shuka," na ce, kuma da jin daɗi na faɗa.

"Babu ƙaya? Babu gidan tururuwa? Babu wanda ya karkace?"

"Babu."

"To ai lakol ka kawo ni. Ga su sun yi layi suna jiran ka busa usur."

Iska ta taso, wani abu ya yi ta kaɗawa a samanmu. Ta ɗaga kai da sauri ta ce wane tsuntsu ne wannan, ba ta san kukansa ba. Na duba. Na ce mata baƙar leda ce ta maƙale a reshe.

"Babu kowa a nan," ta ce. "Na yi sallama a gidan da ba a tare ba. Mu koma."

A cikin taksi ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Daren nan ko kwanon ba ta buɗe ba. Ban sake kawo wata dabara ba, na bar wa Allah.

Wanda ya san Yamai ya san yadda gari ke cika da itace in Layya ta matso. Manyan motoci na hayowa gada daga ƙetaren kogi, an lafta musu kututture har suna rangaji, raƙuma ma na shigowa da nasu. Kowace kusurwa tsibi ne. Dalili kuwa a nan ba a yanyanka rago ranar Salla. Feɗe shi ake yi, a soke shi da sanduna biyu a gicciye, a kafa a ƙofar gida gefen babbar wuta, ya wuni yana gasuwa, sai washegari a raba. Gidanmu da gaz muke girki, saboda haka tun zuwan Yaya itace bai taɓa shigowa ba sai ranar jajibiri.

Mai amalanke ya sauke mana namu a tsakar gida, kusa da inda aka ɗaure rago, ba nisa da tabarmar Yaya. Ina ɗaki na ji ta tana cewa, "Ƙawata, zo ki kai ni wurin abin nan da aka zubar." Na fito na same ta durƙushe tana shafa itatuwan ɗaya bayan ɗaya.

"Kirya. Wannan marke. Wannan ma marke." Ta yi ƴar dariya. "Ashe nan dajin yake zuwa. A mota."

Sai hannunta ya kai kan wanda ya fi duka kauri, mai kogo a gefe guda. Ta shafa ɓawonsa, ta sa hanci, ta zura hannu cikin kogon. Dariyar ta ɗauke.

"Wa ya sare tsamiya?"

"Masu itace, Yaya. Ina zan san shi?"

"Ya jingina gatari?"

Na san abin da take nufi, don na ga mahaifinmu yana yi. A ƙauyenmu ba a faɗa wa babban itace da sara haka kawai. Mai sara zai je da yamma ya yi sallama, ya faɗi buƙatarsa, ya jingina gatarinsa a jikin itacen ya tafi gida. In ya dawo da safe ya tarar da gatari a tsaye, masu wuri sun kwashe ƴaƴansu sun tashi, sai ya sara. In ya tarar da shi a ƙasa, ya ɗauki abinsa ya nemi wani itacen.

"Masu injin sara ba su san wannan ba," na ce. "Kuma an riga an sare. Ban da haka ma, Yaya, camfi ne, kin ji malamai suna faɗa."

"Ban ce ka yi musu yanka ba. Sallama na ce. Ko ɗan haya ne ai ba a cinna wa ɗaki wuta sai an tambaya ko yana ciki."

Maiɗakina ta leƙo daga madafa ta ce, "Yaya, wannan ne fa zai riƙe mana wuta gobe. In babu shi ɗanyen rago za mu ci."

"In gatari ya kwana a tsaye, ku ƙona abinku."

Ban ankara ba ashe yaran na tsaye suna saurare. Kafin in ce wani abu yarinyar ta ruga gidan maƙwabcinmu ta aro gatari. Yaya ta sa ta ta yi sallama, ta faɗa mata abin da za ta ce kalma bayan kalma, yaron ya jingina gatarin da hannu biyu. Na ƙyale su. A raina na ce ƙarfe ba ya faɗuwa don kansa.

Da asuba ihun yaron ne ya riga ladan tashe ni. "Ya faɗi! Kaka, ya faɗi!" Na fito na duba. Gatari na kwance. Na duba igiyar rago, na ga tsawonta ya kai har jikin kututturen, ga kuma sawun kofato a wurin.

"Ragon ne ya ture shi," na ce.

"To," in ji Yaya daga bakin ƙofarta, "wa ya aiko ragon?"

Maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaron kuwa ya kwanta a ƙasa da sabuwar rigarsa ta Salla ya kafa kunne a bakin kogon. Ya ɗago a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kaka, wa ke ciki?"

"Wata tsohuwa ce, maigida. Da suka ji ƙarar inji ƴaƴanta duk suka watse. Ita ba ta gani, ta rasa ƙofa. Sai ji ta yi an ɗora ta a mota."

Ba wanda ya yi dariya. Na tsaya ina duban yayata, ita kuma fuskarta na wajen yaran. Na ce a mirgina kututturen gefe, ba za a ƙona shi ba.

Bayan mun dawo daga idi na je wurin maƙwabcin nan namu, wani dattijo Bazabarme da muke tsokanar juna, na ce ya taimaka mini da itace. Ya ce ai jiya ya ga an sauke mini lodi guda. Na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko kaza ba ta isa ta taka tsakar gidanka ba izini, yau kai ne da baƙuwa a cikin itace? Hausawa! Kala suru," wato sai haƙuri da Zabarmanci. Ya ba ni manya biyu, ya ce in gai da baƙuwar.

Ragonmu ya wuni a bakin wuta tare da na maƙwabta, layi guda daga farkon titi har ƙarshe. Da aka yi magariba na shigo na tarar ba a kunna tele ba. Yaran biyu na kan tabarmar Yaya, ga wasu na maƙwabta sun tsugunna a baya. Labarin tsohuwar cikin tsamiya take ba su: yadda take zaune a tsakiyar kurmi tana yi wa zaki da kura shari'a, yadda ta wayi gari a bayan mota, yadda ta ji sanyin ruwa a kan gada ta tambayi kogi ina za a kai ta, kogi ya ce shi ma wucewa yake yi bai sani ba. Ba wanda ya tambayi waya. Duk lokacin da wuta ta yi ƙara a waje sai in ga sun waiwayi kututturen.

Da ta tsaya, yarinyar ta ce, "To yanzu ina za ta zauna? Nan ba daji."

"Shi ne abin da ya dame ta, ƙawata."

"A kai ta dajin bedi mana."

"Can ba kowa. Na je na gani."

"Shi ya sa ai. Wuri ya ishe ta."

Yaya ta murza bakin zanenta ta ce, "Ƙawata, kin fi kakanki kai."

Washegari, bayan an gama rabon nama, muka ɗora kututturen a amalanke. Yaran na gaba, ni da Yaya na baya tana dafe da kafaɗata. Wannan karon da ƙafa ta ce za ta je. A bakin dajin ta tsayar da kowa, ta sa aka yi sallama. Yaron ya ce in aka bar shi a kwance masu neman itace za su ɗauke, sai muka haƙa rami muka kafa shi a tsaye. Na so in daidaita shi da layin bedin. Yaya ta tambaya ina nake haƙawa, na faɗa mata, ta ce in matsa tsakiya, inda ba layi. Na matsa. Ta shafa kogon ta ce wa tsohuwar ta yi haƙuri da maƙwabta, yara ne duka kuma ba su da hira, amma suna da inuwa. A hanyar dawowa ta ce wa jikokina baƙuwa ba a yasar da ita, sai an riƙa leƙa ta. Suka ce ba su riƙe kalmomin sallamar ba. Ta ce za ta maimaita musu. Daren nan ta ci nama har ta nemi ƙari.

Duk da haka ba ta ce ta fasa tafiya ba, ni kuma ban tambaya ba. Magana ta riga ta fita daga bakinta, tikiti na aljihuna. Ranar tafiya na yi sallar asuba, mai taksin da na yi wa magana ya iso ƙofar gida, na shiga ɗakinta in ɗauki kaya. Na tarar da ita zaune a kan sallaya, jakarta na rataye a ƙusa ba komai a ciki.

"Yaya, mota ba ta jiran kowa."

"Na sani."

"To ina kayan?"

"Maigidana ya ce in na taka ƙofar gidan nan ya sake ni."

Na ji motsi a bayan labule, na san mai sakin yana nan laɓe.

"Kuma yaran nan ba su iya shiga daji ba tukuna," ta ce. "Jiya ƙawata da ƙafar hagu ta shiga, tana kuma cin gyaɗa. In na bar su haka za su ja maka magana."

"Sai yaushe ke nan?"

"Bari dai damina ta wuce."

Na ce na yarda, amma da sharaɗi: kwanon da aka kawo mata ba zai koma da abinci ba, safe da rana da dare.

"To ka ce wa matarka ta riƙa sa daddawa a miya. Wannan dunƙulen na kanti ba ya wuce mini maƙogwaro."

"Ina jin ki, Yaya!" in ji maiɗakina daga tsakar gida. "Wata nawa kina cin miyata ba ki faɗa ba?"

"Da baƙuwa ce ni."

Na fita na sallami mai taksi, na ba shi haƙuri. Damina ta zo ta wuce, Yaya ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tuna mata ba. Ta zauna tare da mu shekaru, ta yi ƙiba kaɗan, ta koyi gaisuwa da Zabarmanci, kuma ba ta sake kusantar murhu ita kaɗai ba. A hannunmu ta cika, muka kai ta makwancinta a maƙabartar Yantala. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.